Na rage leda a gidana, amma pampas da ruwan leda sun gagare ni

Maman 'Yan Biyu, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Na daɗe ina ƙoƙarin rage sharar da ke fita daga gidanmu. Kasuwa da kwando nake zuwa, niƙa a bokiti mai murfi nake aikawa, ɓawon kayan miya na awaki ne. Amma tun da Allah Ya ba ni tagwaye abu biyu suka fi ƙarfina. Na farko pampas: da rana nafkin nake sa musu, da dare kuwa ba zan iya ba, in na ce zan iya to ba barci ke nan. Na biyu ruwan leda, duk ranar da famfo ya ɗauke. Ƙanwar maigidana ta zo hutu, ta leƙa kwandon shara, ta ce duk wahalar banza nake yi tunda ga abin da nake zubarwa. Maganar ta tsaya mini a rai. In mutum ba zai iya duka ba, rabin da yake yi yana da wani amfani kuwa?

Hajiya Mai Ƙosai, Domayo:
Wa alaikumus salam. Ki ba ta yaran ta kwana da su, da safe sai ku ƙarasa maganar.

Ɗalibar Jami'a, Marwa:
Hajiya kin ba ni dariya, amma ni ina ganin ƙanwar mijin tana da 'yar gaskiya, sai dai ba ta iya faɗa ba. Pampas ba auduga ba ce kamar yadda ake zato. Bayansa roba ne, cikinsa kuma akwai wani gari mai tsotse ruwa ya zama kamar kamu. Ba ya ruɓewa a shekara ɗaya ko biyu. Ku bi ta gadar kogin Mayo Kaliyawo a nan Marwa da rani, lokacin da babu ruwa sai rairayi, ku ga abin da ke kwance a ciki. Ruwan farko na damina shi ke kwashe shi ya kai wa mutanen ƙasa da mu. Adda, ba zarginki nake ba wallahi, amma in kowa ya ce nasa uzuri ne, wa zai fara?

Ma'aikaciyar Jinya, Ngawundare:
Ƙanwata, bari in fara da ruwan, don shi ne ba na son a yi wasa da shi. Duk wanda yake aikin asibiti a 2010 ya san abin da kwalara ta yi a jihar Arewa Mai Nisa. Yaro ƙarami gudawa ta kwana ɗaya tana iya kayar da shi. Saboda haka in zaɓin da ke gaban uwa shi ne ruwan leda na kamfanin da aka sani, ko ruwan jarkar da ba ta san daga wace rijiya aka ɗebo ba, ni zan ce ta sayi na ledar, ko da za a tara ledoji buhu guda. Shara ana kwashewa.

Amma akwai hanya ta uku. A tafasa ruwan, ko a sa ƙwayar tsarkake ruwa da ake samu a kantin magani, a zuba a mazubi mai murfi. Matsalar randa ba randar ba ce, moɗar ce: kowa ya tsoma hannu, yaro ya ajiye ta a ƙasa, a sake mayarwa. In an samu bokiti mai ɗan famfo a gindi, an huta. Kuma ba kowane ruwan leda ne mai tsafta ba, wasu a bayan gida ake ɗura shi, a kula da wannan.

Maman 'Yan Biyu, Garwa:
Na gode Adda. Tafasawar ita ce ke cin gawayi, kuma a zafin Garwa na watan Afrilu, da ake haura digiri 40, kafin ruwan ya huce yara sun yi kukan ƙishirwa sun gaji.

Ma'aikaciyar Jinya, Ngawundare:
Ki tafasa da dare a kan ragowar garwashin tuwo, ya kwana a tulu. Ranar da bai yiwu ba ki sayi na leda, kada ki sa wa ranki damuwa.

Ɗan Fawa, Kuseri:
Salamu alaikum iyayenmu mata. Ni ban san komai a kan pampas ba, amma na san abin da nake cirowa daga tumbi. Akuya za ka gan ta ciki ƙato, ƙashin baya a waje, gashi a tsaye, mai ita ya ce ai mayu ne ko tsutsa. In aka yanka aka farka tumbin sai ka ga dunƙule baƙi, leda ta murɗe da igiya da tsumma, ta yi tauri har wuƙa ba ta shiga da sauƙi. Dabbar tana ci amma babu wurin da abincin zai zauna. Kuma ledar da suka fi haɗiya ita ce wadda aka ƙulla abinci a ciki, mai gishiri da maiƙo: ta ƙosai, ta alale, ta tuwo. Saboda haka Hajiya mai tagwaye, wannan kwandon da kike zuwa kasuwa da shi ba wahalar banza ba ce. Ku tambayi duk wanda ya taɓa kiwon ragon layya wata da watanni ya mutu masa ana saura kwana kaɗan Sallah.

Hajiya Mai Ƙosai, Domayo:
To ga shi an zo kaina. Malam mahauci, ka ce ledar ƙosai. Ni a me zan zuba? Da can a takarda muke naɗewa, kafin nan iyayenmu a ganye. Yanzu in na sa a takarda sai mai saye ya ce mai zai ɓata masa riga. Yaro ya zo da dala ashirin, hannu biyu babu kwano, ga layi, ga mai yana ƙonewa a wuta. In na ce ya koma gida ya ɗauko kwano, wajen maƙwabciyata zai tafi, ita ta zuba masa a leda har biyu. Ni da marayu nake ci da wannan kaskon.

Ɗalibar Jami'a, Marwa:
Amma Hajiya ai doka ta hana. Tun watan Oktoba na 2012 gwamnatin Kamaru ta sa hannu a kan hana ledar da ba ta ruɓewa wadda kaurinta bai wuce maikiron 60 ba, aka fara aiki da dokar a Afrilun 2014. Wannan baƙar ledar mai shara-shara tana ciki. Ruwanda ta hana tun 2008, Kenya a 2017, kuma sun tsaya a kai.

Hajiya Mai Ƙosai, Domayo:
'Yata, ni na san da dokar, ai a kanmu aka fara. Amma ba ni nake ƙera ledar ba, ba ni nake tsallako da ita daga iyaka ba. A kasuwa nake saye da rana tsaka. A toshe inda take shigowa, a kawo mana abin da zai maye ta a farashin da talaka zai iya, ki ga in zan nemi leda.

Alhaji Mai Kanti, Njamena:
Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma mu nan mun ga yadda abin yake in hukuma ta sa kanta. Dokar hana shigo da leda a Cadi tun 1992 take, amma tana kwance a takarda, sai a 2010 da magajiyar gari Marie-Thérèse Mbaïlemdana ta tashi tsaye. A lokacin mutum bai isa ya ratsa kasuwa da leda a hannu ba. Mata suka koma kwando da jakar saƙa, mu masu kanti muka koma ƙunshin takarda, bishiyoyin da suka saba yin furen baƙar leda suka washe. Ba wanda ya mutu don babu leda. Da aka sassauta kuma sai ta fara dawowa a hankali, ga Kuseri nan tsallaken gadar Ngeli.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, abu ne na gari gaba ɗaya. Lokacin da kowa ya bari, bari ya yi sauƙi, don babu maƙwabcin da zai ƙwace maka ciniki. In kai kaɗai ne, kai ke biyan kuɗin. Don haka ban ga dalilin da za a ɗora wa mace ɗaya mai goyon tagwaye nauyin da ya kamata hukuma da 'yan kasuwa su ɗauka ba.

Wani abu kuma da masu cewa a sayi kaya da yawa lokaci ɗaya ba sa dubawa: mafi yawan masu shigowa kantina sukarin dala goma suke saye, man dala ashirin, omo ƙulli ɗaya. Ba don suna son ƙulle-ƙulle ba, abin da aka samu ranar ke nan. Mai albashi ne ke iya sayen buhu.

Ɗan Kalando, Garwa:
Ni dai abin da na sani, in aka yi ruwa kwata ta toshe, mu 'yan acaba ne muke tura babur a cikin baƙin ruwa har gwiwa. Ambaliyar 2024 ba leda ce ta jawo ta ba?

Ɗan Fawa, Kuseri:
A'a ɗan'uwa, kada mu ɗora wa leda abin da ba nata ba. Mu da abin ya shafa mun gani. Logon da Shari ne suka cika suka tumbatsa, daga Yagwa da Maga har nan Kuseri da Njamena. Ko babu leda ko ɗaya a duniya wannan ruwan sai ya shigo. Inda leda ke da laifi shi ne cikin unguwa: ruwan da ya kamata ya wuce cikin awa ɗaya sai ya kwana uku don magudana ta cushe, sauro ya samu gida.

Ɗan Kalando, Garwa:
To na karɓa. Amma kwana ukun nan ma ai mu ke shan su.

Mai Lambu, Meskin:
Assalamu alaikum. Na karanta duka, kuma ina ganin ana ta faɗa a kan ƙaramin kaso an bar babba. Hajiya mai tambaya, gobe kafin a fitar da shara ki juye ta a kan buhu ki duba da idonki. Abin da ya fi nauyi a ciki ƙasar tsakar gida ce da aka share, sai toka, sai ɓawo da ganye da kashin awaki. Leda tana da yawa a ido ne don iska na ɗaukarta, amma ba ta da nauyi. Wancan mai nauyin kuwa mu taki ne a wurinmu. Tun kakanni ana kai jujin gari gona a kan jaki. Abin da ya ɓata lamarin yanzu shi ne cakuɗawa. In amalanke ta kawo mana juji sai mun zauna mun tsince leda da fasasshiyar kwalba da batir da allurar asibiti kafin mu zuba a fangalin albasa. Ledar da ta tsere ta shiga ƙasa, bayan shekaru fartanya na tono ta yadda take, saiwa ba ta ratsa ta, ruwa ba ya ratsa ta.

Da gidaje za su yi abu ɗaya tak, su ware mazubi biyu, mai ruɓewa daban, marar ruɓewa daban, da sun yi mana babban aiki, kuma ba ya cin sisi. Ki yi amfani da pampas ɗinki, Allah Ya raya su. Kada dai ya haɗu da toka da ɓawo.

Ma'aikaciyar Jinya, Ngawundare:
Baba ya kawo magana. In ƙara a kan pampas ɗin: a fara juye kashin a masai, sannan a naɗe a ɗaure, a kai inda motar shara ke ɗauka. Kada a jefa shi kansa a masai, yana cika rami da wuri kuma masu yashewa su sha wuya. Kada a jefa a kogi. Kada kuma a bar shi a buɗe inda karnuka da kaji za su yaga.

Kuma tunda ana lissafi, a yi shi cikakke. Nafkin ma ba kyauta ba ne. Yana cin ruwa, yana cin sabulu, yana cin bayan uwa. Inda ake sayen ruwa a wurin 'yan ga-ruwa, wankin nafkin na yara biyu kuɗi ne na gaske. Da damina kuma bai bushe ba an sake buƙata, a sa wa yaro da danshi, gaba ya yi ja ya saɓule. Abin da ya fi rage pampas a gaskiya shi ne abin da iyayenmu suke yi: koya wa yaro zama a fo da wuri, da zarar ya iya zama.

Ɗalibar Jami'a, Marwa:
Na ji duka, kuma na yarda da maganar ruwa. Abin da nake tsoro shi ne wannan kalmar ta “yi iya ƙoƙarinka”. Da ita ake rufe kowace magana a garin nan. Mai mota ya sha ruwa ya wurgo leda ta taga, shi ma zai ce iya ƙoƙarinsa ke nan. Ina iyakar take?

Malamin Islamiyya, Garwa:
Tambayarki mai kyau ce 'yata, kuma tana da amsa. Allah Ya ce mu ci mu sha kada mu yi ɓarna, a Suratul A'araf. Shi ne kuma Ya ce ba Ya ɗora wa rai sai abin da za ta iya, a ƙarshen Baƙara. Ba sa karo da juna. Iyakar ita ce: me bari zai jawo maka? Mai motar nan in ya riƙe ledarsa har gida, babu abin da ya rasa, don haka ba shi da uzuri. Mai tagwaye in ta bar pampas da dare za ta rasa barci, ta wayi gari ba ta iya kula da su, wataƙila ta rasa lafiya. Wannan uzuri ne. Kowa ya san wanne ne nasa in ya ji tsoron Allah.

Sai dai ina da ƙorafi a kan 'yan'uwana maza. A gidaje da yawa mu ne muke cefane. Mutum ya dawo da tumatir a leda, attaruhu a leda, albasa a leda, maggi a leda, sannan a haɗa su duka a wata babbar leda. Matar tana gida ba ta ga kasuwa ba, amma in aka tashi maganar shara ita ake kallo. Jakar buhu ɗaya a ƙarƙashin sirdin babur ta isa.

Ɗan Kalando, Garwa:
Malam, namiji da kwando a kasuwa? Sai abokai su ce an shanye shi.

Hajiya Mai Ƙosai, Domayo:
Amma leda goma a hannu kamar mai tallan balan-balan ba kunya ba ce ko?

Alhaji Mai Kanti, Njamena:
A 2010 da kwandon muka yi ta yawo, manya da rawunansu, ba wanda aka ce an shanye.

Maman 'Yan Biyu, Garwa:
Malam Allah Ya saka da alheri, zan nuna wa maigida wannan da hannuna. Tunda an buɗe magana, akwai abin da nake yi wanda ban san matsayinsa ba. Ledar da ta taru nakan ƙona ta a bayan gida da yamma, don kada awaki su ci. Wani lokaci kuma da ita nake hura gawayi, tana kamawa nan take.

Ma'aikaciyar Jinya, Ngawundare:
Adda, wannan shi ne wanda zan roƙe ki ki bari tun yau, kafin pampas, kafin komai. Kin ga yadda take narkewa tana ɗiga, da baƙin hayaƙin nan mai kama maƙogwaro? Ke kina tsugune a kai kina fifita, yaro yana goye a bayanki, kansa daidai inda hayaƙin ke tashi. Ƙona roba a ƙaramar wuta irin ta gida yana fitar da guba iri-iri, musamman in akwai tsohon tiyo, fatar waya ko takalmin roba a ciki. Huhun jariri bai gama ƙwari ba. Ledar da ke kwance a bola muni ne da haɗari ga dabba, wadda aka ƙona a tsakar gida kuwa a ƙirjin 'ya'yanki take sauka. Ki hura wuta da kara, ko ɓawon gyaɗa, ko totuwar masara, ko takarda da ɗigon mai.

Haka zuba koko mai zafi ko dafa alale a leda. Zafi da maiƙo suna sa wani abu daga robar ya shiga abinci. Gwangwanin madara da aka wanke ya fi, ganye ya fi duka.

Maman 'Yan Biyu, Garwa:
To in ban ƙona ba ina zan kai ta? Mota ba ta shigowa lungunmu.

Mai Lambu, Meskin:
Ki cusa su a buhu ɗaya ki danne, leda ba ta wari in babu abinci a jiki. In ya cika a ba yaro mai baro ya kai babban titi inda ake kwasa. Buhu ɗaya zai daɗe bai cika ba tunda kin riga kin rage.

Ɗalibar Jami'a, Marwa:
Gorunan roba kuma kada a haɗa su da shara, kuɗi ne. Masu folere, wato zobo, da masu kunun aya suna saye, masu man gyaɗa ma haka. Gorar man girki na Diamaor ba ta taɓa zama shara a Marwa ba. Gwangwanin lemo na alminiyam maƙera ke narkawa su zuba tukwane da ludaya, tsohon ƙarfe kuma 'yan gwangwan na bi gida-gida. In aka duba, iyayenmu sun fi mu iya wannan abin: tuwon jiya ɗumame, ƙanzo a jiƙa, tumatir ya yi yawa a yanka a shanya, tsohon zane ya zama tsumma. Inda muka fi su ɓarna shi ne wurin biki. Kowane baƙo robar ɗaukar abinci, cokalin roba, ruwan leda, washegari ƙofar gidan kamar an yi kasuwa.

Hajiya Mai Ƙosai, Domayo:
Yau kam mun haɗu a magana ɗaya. A adashinmu mun taɓa sayen manyan tire da kofuna na silba, duk mai suna ko aure ta ara. Yana aiki, sai dai wanki. In babu 'yan mata masu taya ki, ranar sunanki za ki kwana a bakin kwata. Shi ya sa wasu suka koma roba, kuma ban ga laifinsu sosai ba. Taura biyu ba ta taunuwa, ga jego ga wanke-wanken mutum ɗari.

Malamin Islamiyya, Garwa:
Ko a rage gayyar, Hajiya.

Hajiya Mai Ƙosai, Domayo:
Malam wannan kuma sai ka yi wa dangin miji wa'azi, ba mu ba.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a a ci gaba amma a bar tsokanar juna. Wanda yake da lambar masu sayen gora kada ya sa a nan, ya tura ta akwatin sirri.

Ɗalibar Jami'a, Marwa:
Hajiya, tambaya ɗaya kafin a rufe. In na zo da kwanona gobe da safe, za ki ƙara mini ƙosai ɗaya a madadin kuɗin ledar da ban ci miki ba? In masu saye suka ji ana gyara, da kansu za su riƙa zuwa da kwano.

Hajiya Mai Ƙosai, Domayo:
Leda ɗaya ba ta kai kuɗin ƙosai ɗaya ba, 'yata, kin san farashin wake kuwa? Amma ki zo. Ki zo da wuri kafin 'yan makaranta, kuma kwanon ya zama mai murfi, don ƙurar Domayo ba ta san mai ilimi ba.